Zauren Nunin Zane da Bakin Bahaushe: Tsokaci daga Zariya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda Hausa ke ɗaukar zancen fasahar zane ta zamani, musamman ga wanda ya ziyarci zauren nuni, inda ake rataye ayyukan masu zane, wani lokaci har a sauki gwani ya zauna ya yi aiki. An zaɓi Zariya ne saboda a nan, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Aƙidarsu ita ce a gwama dabarun Turawa da fasahar gida.

2.0 Matsalar Kalmomi

Mai ziyarar Sashen Zane na wannan jami'a a Samaru zai tarar da zane-zane a bango da siffofi a tsaye a farfajiya. Idan Bahaushe ne, matsalarsa takan fara daga lokacin da ya koma gida zai ba da labarin abin da ya gani. Kalmar zane ita kaɗai ke ɗauke da aikin fensiri da na fenti da na bugu, ga kuma zanen fuska, sannan a rubutun yau da kullum ba a bambanta ta da zanen ɗaurawa, tun da ba a nuna tsawon wasali da karin sauti.

Wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da siffofin farfajiya. Sassaƙa ta fi dacewa da ice, ƙira da ƙarfe, gini da yumɓu. To, siffar da aka yi da siminti fa? Mai magana yakan koma ga mutum-mutumi, wanda ke tuna masa da abin korar tsuntsaye a gona, ko kuma gunki. A nan ne gizo yake saƙar, domin da zarar an ce gunki an yanke wa aikin hukunci tun kafin a dube shi, kuma mai sauraro ba zai tako wurin ba. Mu ma masu nazarin harshe muna da namu kason. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tsaya ne ga harshe da adabi da koyarwa, kamar yadda aka tsara shi, sharhin zane kuwa har yau mafi yawansa da Ingilishi ake yi.

Alhali kalmomin suna hannun masu sana'a. Maɗinki ya san dagi da aska biyu da aska takwas, magini ya san zanko da bakan gizo da ɗaurin guga. Kowace suna ce ta siffa, kuma mai ita yana iya faɗin inda aka kyautata da inda aka ɓata, wanda shi ne ainihin tarke.

3.0 Saukar Gwani

Shirin saukar gwani ya fi ƙarfi a Kudu. Onobrakpeya ya fara taron bitarsa na lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta Jihar Delta a 1998, Yinka Shonibare kuma ya buɗe masaukin masu fasaha a Legas a 2022. Sai dai ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga al'adar. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ake danganta wa Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, ginin da aka sanya cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Gwanin da aka kira wani gari dole ya yi aiki da maginan garin, su ji kalmominsa ya ji nasu.

A ganinmu, duk zauren da zai sauki mai zane a Zariya ko Bauchi ya kamata ya haɗa shi da magini da maɗinki da mai nazarin harshe a zama ɗaya, a naɗi hirarsu, sannan a rubuta bayanin kowane aiki da kalmomin da suka fito daga bakinsu.