Marubuci da Makaranci a Zamanin Intanet: Sharhi Kan Sabon Yanayin Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ke bin diddigin rubutaccen adabin Hausa ya san cewa a yau kaso mai yawa na ƙagaggun labarai ba ya bi ta maɗaba'a. A wayar hannu ake rubuta su, a cikinta ake sayar da su, a cikinta kuma ake karanta su. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi dangantakar da ta ƙullu tsakanin marubuta masu cin gashin kansu da makarantansu a kafafen intanet, sannan ta auna tasirin dangantakar a kan matanin labaran. Ra'ayin da maƙalar za ta kare shi ne cewa intanet ya raba marubuci da ɗan kasuwa, amma ya ɗora masa makaranci a matsayin sabon ubangida, kuma wannan sauyi ya taɓa zubi da jigo da harshen labaran. Za a fara da waiwaye, domin ba a fahimtar sabon abu sai an san wanda ya gada.

2.0 Waiwaye Adon Tafiya

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne a hannun hukuma. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya ita ta samar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Hukumar NORLA ta ci gaba da aikin a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC ya karɓa daga 1966. A duk tsawon wannan lokaci akwai mutum uku tsakanin marubuci da makaranci: edita mai gyara, da jami'in ilmi mai sanya littafi cikin manhajar karatu, da malamin makaranta mai tilasta karanta shi. Marubuci bai san makarancinsa ba, ba ya kuma bukatar saninsa.

Taɓarɓarewar tattalin arzikin Nijeriya a shekarun 1980 ta sa manyan kamfanoni suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai, sai matasa suka shiga buga wa kansu. Daga nan aka sami Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ayyukan ƙungiyar Raina Kama. Wannan ne rukunin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano, wanda muhawara mai zafi ta gudana a kansa a jaridu tsakaninsa da Abdalla Uba Adamu da wasu masana a shekarun 1990. A wannan zamani edita ya fita daga tsakani, ɗan kasuwa ya shigo. Shi ke karɓar littafi ya rarraba wa 'yan tebur da masu ba da haya, shi kuma ke faɗa wa marubuci irin labarin da ke tafiya. Makaranci ya fara magana, amma ta hanyar wasiƙa zuwa adireshin da ke bangon littafi, kuma wasiƙar kan iso ne bayan an gama aiki.

3.0 Sabon Tsarin Saduwa

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Da wayoyi masu intanet suka yi araha, sai marubuta, galibinsu mata, suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad da Telegram. Akwai dalilai na zahiri da suka tura su. Takarda ta yi tsada, 'yan kasuwa na riƙe kuɗin marubuci, ga kuma matsin hukuma: a 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Labarin da ke yawo daga waya zuwa waya kuwa ba shi da shagon da za a rufe.

Tsarin da ya kankama yana da sauƙin bayani. Marubuciya takan buɗe zaure a WhatsApp, ta riƙa sakin labari shafi-shafi, kullum ko bayan kwana biyu. Shafukan farko kyauta ne. Idan labari ya kama zukata sai ta sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, mai so ya tura ta asusun banki ko ya aiko da katin waya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Makarantan Jamhuriyar Nijar akan ba su wata lamba dabam da za su biya da kuɗin Sefa. Girman zauren ma yana da tasiri ga cinikin: har zuwa 2022 zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, abin da ya sa marubuciya ɗaya kan riƙe zauruka da dama, kafin a ɗaga adadin zuwa 1,024 a wannan shekara. Baya ga haka an sami manhajojin sayar da littattafai kamar OkadaBooks da ArewaBooks, da kuma masu karanta labaran da murya a YouTube, waɗanda suka gaji aikin da gidajen rediyo suka daɗe suna yi.

Amfanin wannan tsari a fili yake, kuma adalci ne a faɗe shi. Matar da ke kulle a Gusau ko Maraɗi tana iya isar da rubutunta ga dubban mutane ba tare da jari ba, ba tare da neman iznin dillali ba. Bahaushen da ke Sabo a Ibadan, ko Agege a Legas, ko Zango a Kumasi, wanda a da sai ya jira fatake su kawo masa littafi daga Kano, yanzu yana karanta shafi a daren da aka rubuta shi. Mu da ke koyar da Hausa nesa da ƙasar Hausa mun ga yadda wannan ya riƙe harshen a bakin yaran da aka haifa a waje.

4.0 Tasirin Makaranci a Kan Matani

4.1 Zubi da Tsari

Sakin labari kashi-kashi ba baƙon abu ba ne a adabin duniya. Haka Charles Dickens ya fitar da littattafansa a Ingila tun daga 1836. Marubutan Kano ma sun riƙa raba littafi na ɗaya da na biyu da na uku. Bambancin da ke akwai shi ne, a yau ana sayar da labari tun ba a rubuta ƙarshensa ba, kuma kuɗin na zuwa ne a daidai gaɓar da shafukan kyauta suka ƙare. Saboda haka nauyin fasaha duka kan taru a farkon labari. A nan ake zuba rikici da asiri da tashin hankali, domin a nan ake yanke shawarar biya. Tsakiyar labari kuwa sau da yawa takan yi sako-sako, a cika ta da kwatancen sutura da girke-girke da shagalin biki, saboda wanda ya biya yana son ya ga yawan shafuka. Kowane shafi dole ya ƙare da wani abin ɗaukar hankali, ko da tafiyar labarin ba ta bukaci haka ba. Sakamakon shi ne labari mai ƙololuwa da yawa wanda warwararsa kan zo a gaggauce, lokacin da marubuciya ta gaji ko ta fara tallar sabon aiki.

4.2 Jigo da Taurari

A zauren labari makaranta na mayar da martani a kan kowane shafi, kuma marubuta da kansu ke neman haka. Wasu har sukan yi barazanar dakatar da rubutu idan tsokaci ya yi ƙaranci. Makaranta kan rabu gida biyu, waɗannan na bayan uwargida, waɗancan na bayan amarya, kowane ɓangare na neman a ba tauraruwarsa nasara. Wani manazarci zai iya cewa wannan komawa ce ga yanayin tatsuniya, inda mai ba da labari ke kallon fuskokin masu sauraro yana daidaita zance. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan kwatanci, amma yana da iyaka. Masu sauraron tatsuniya sun san ƙarshenta, ba su kuma biya don a sauya shi ba. Makarancin da ya biya kuwa yana ganin yana da haƙƙi a kan makomar tauraro, kuma marubuciyar da abincinta ke hannunsa da wuya ta saɓa masa.

Nan ne babbar illar take. Adabi mai ɗorewa yakan tilasta wa makaranci ya haɗiyi abin da ba ya so. Ƙarshen Shaihu Umar, inda uwa ta rasu jim kaɗan bayan ta sami ɗan da ta ƙare rayuwarta tana nema, ba ƙarshe ba ne da taron makaranta za su zaɓa da ƙuri'a. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat ya sosa wa maza da yawa inda ba sa so, kuma darajarsa ta taso ne daga nan. Idan marubuci ya saba auna kowace gaɓa da tafin da za ta samu, sai jigogi su taƙaita ga waɗanda aka riga aka gwada: attajirin saurayi da 'yar talaka, kishi, auren dole, sai kuma batsa a wasu labaran, wadda ke sayuwa cikin sauri.

Duk da haka kuskure ne a yi wa rukunin kuɗin goro, kamar yadda aka yi wa littattafan Kano a da. Akwai marubutan intanet da suka taɓo fyaɗe da shaye-shaye da taɓin hankali da rayuwar 'yan gudun hijira da ƙarfin halin da ba a saba gani ba, kuma martanin makaranta mata, waɗanda ke ba da labarin abin da ya same su, shi ke ƙara musu ƙwarin gwiwa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna irin aikin da matan wannan zamani ke iya yi idan aka ƙayyade musu tsawo aka kuma sa alƙalai.

4.3 Harshe da Ƙa'idojin Rubutu

Tun daga aikin East a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, an yi wahala wajen daidaita rubutun Hausa. A yawancin labaran intanet wannan aiki ya zama kamar ba a yi ba. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko dai a bar su a matsayin b da d da k, ko a saka musu waƙafi, abin da ke kama da dabarun da aka yi amfani da su kafin a tsayar da lanƙwasa. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, musamman wakilin suna da aikatau, ana kuma cusa jimlolin Ingilishi cikin zancen taurari domin nuna wayewa. Ba daidai ba ne a ɗora wa marubutan laifin duka. Da yawansu ba su karanta Hausa a makaranta ba, kuma rubutu ne na kullum a kan ƙaramin allon waya, babu mai dubawa. Amma ya kamata masana su sani cewa yaron da ke karanta shafuka masu yawa a kowane dare, daga nan yake koyon yadda ake rubuta Hausa, kuma darasin aji na 'yan mintoci ba zai iya goge wannan ba. A gefe guda, waɗannan matani taska ce ga mai nazarin karin harshe da sauyin harshe, domin babu editan da ya mayar da su Kananci.

5.0 Haƙƙin Mallaka da Adanawa

Kusancin da ke kawo kuɗi shi ne kuma ke kawo asara. Mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka biya ya isa ya kwafe labari ya watsa shi a wasu zauruka, ko wani ya tattara shi ya ɗora a shafinsa yana cin kuɗin talla. Makamin marubuciya a nan bai wuce gargaɗi da Allah-ya-isa a saman kowane shafi ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka sata aka ɗora a intanet, amma aiwatar da ita a kan zauren da ke rufe abu ne mai wuya, balle ga marubuciyar da ke amfani da sunan aro.

Matsalar da ta fi shafar mu manazarta ita ce ta adanawa. Dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a Ɗakin Karatu na Ƙasa. Littattafan Kano da yawa ba su cika wannan sharaɗi ba, amma da yake takarda ce, an iya tattara su daga baya. Labarin intanet ba shi da shekarar bugu tabbatacciya, ba shi da lambar shafi da za a yi nuni da ita, kuma kwafin da ke yawo kan sha bamban da juna. Rufe OkadaBooks a ƙarshen Nuwamba 2023 ya isa darasi: duk aikin da ke zaune a kan kafa ɗaya yana iya ɓacewa daga idon jama'a rana ɗaya. Haka kuma martanin makaranta, wanda shi ne shaidar yadda aka gina labarin, yana tafiya da zarar an rufe zaure ko waya ta lalace.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dangantakar marubuci da makaranci a adabin Hausa ta bi matakai uku, daga hannun hukuma zuwa na ɗan kasuwa, sannan zuwa saduwa kai tsaye a intanet. Mataki na ukun ya faɗaɗa fagen rubutu ga mata da mazauna nesa, ya kuma raunana zubin labari da ƙa'idojin rubutu, ya bar ayyukan babu ma'adana. Don haka ana ba da shawarar sassan nazarin harsunan Nijeriya su fara tattara waɗannan matani da iznin masu su, tare da rubuta ranar fitar kowane shafi da kafar da ya fito. Ya kamata kuma a kai koyar da ƙa'idojin rubutu cikin zaurukan marubutan, a kuma horar da ɗalibanmu aikin edita wanda marubuci zai iya ɗauka haya. An ɓata shekaru ana gardama kan ko littattafan Kano sun cancanci nazari, har wasu suka salwanta. Labaran intanet sun fi su saurin ɓacewa, saboda haka tattarawa ya kamata ta riga hukunci.