Paul van Dyk: kiɗan da ba ya buƙatar mawaƙi

A nan unguwa in an ce DJ, wanda ke zuwa mana a rai shi ne yaron da ake ɗaukowa ranar biki, yana sako waƙoƙin wasu yana kiran sunayen masu liƙi. To, shi ma Paul van Dyk na Jamus da faifan wasu ya fara, kafin ya soma haɗa nasa kiɗan da na'ura.

An haife shi a 1971 a Jamus ta Gabas, ya tashi a gabashin Berlin lokacin da katanga ta raba birnin biyu. Faifan Yamma ba su samuwa, sai dai ya kama rediyon ƙetaren katanga a ɓoye. A 1991, bayan katangar ta faɗi, ya fara sa kiɗa a gidan rawa na Tresor.

Ni dai a kunnena, bai taɓa yin abin da ya kai "For an Angel" ba, wanda ya fito a 1994, ya sake gyara shi a 1998. Babu baiti ko ɗaya a ciki. Ɗan gajeren sauti ne yake ta maimaituwa, ganga na bugawa a ƙarƙashinsa; can sai gangar ta ɗauke ɗif, a bar ka kana jira, sannan ta dawo da ƙarfi. Mu da muka tashi da waƙar Shata, jin farko za mu ce ina maganar? Amma wanda ya san yadda kalangu ke tsayar da fili ba tare da an buɗe baki ba, zai gane.

Matsalar ta zo da ɗaukaka. Mujallar DJ Mag ta sa shi na ɗaya a duniya a 2005 da 2006, kundinsa Reflections na 2003 kuma ya shiga takarar Grammy. Sai dai a wannan kundi da In Between na 2007 ya cika gayyato mawaƙa, kiɗan ya koma ɗan rakiyar murya. An ci kasuwa kam, amma jiran nan mai sa tsigar jiki tashi ya ragu.

A watan Fabrairun 2016 ya faɗo daga kan dandamali a Utrecht ta ƙasar Holan, ya ji mummunan rauni a kai da ƙashin baya. Da ya murmure ya fitar da From Then On a 2017, ya koma salon trance mai sauri da ya fara da shi. Bai kamo na 1998 ba fa, amma ya fi kundayen shekarun lambobin yabo nesa ba kusa ba.