Devdas: Labarin Soyayya da Sauye-sauyensa a Finafinan Indiya

Cikin ƙagaggun labaran soyayya na ƙasar Indiya babu wanda masu shirya fim suka yi ta komawa kansa kamar Devdas, wanda Sarat Chandra Chattopadhyay (1876-1938) ya rubuta da harshen Bangali. Ya rubuta shi ne wajen 1901 yana matashi, ya ajiye shi, sai a 1917 aka buga. Abin da za mu duba a nan shi ne dalilin da ya sa ɗan ƙaramin littafi irin wannan ya ƙi tsufa.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Devdas ɗan mai ƙasa ne, Farbati kuwa, wadda ake kira Paro, 'yar maƙwabtansu ce, tare suka tashi tun suna yara. Da maganar aure ta taso, iyayensa suka ƙi, domin gidansu Paro bai kai nasu daraja ba. Aka aurar da ita ga wani attajirin dattijo da matarsa ta rasu ta bar 'ya'ya manya. Shi kuwa ya faɗa shan giya a Kalkata, inda wata karuwa mai rawa, Chandramukhi, ta kamu da sonsa. Daga ƙarshe ya ja jiki ya tafi garin da Paro ke aure don cika alkawarin da ya yi mata, ya mutu a ƙofar gidan ba su ga juna ba.

Wanda ya ji wannan taƙaitawa zai ce jigon shi ne auren dole, watau abin da Bahaushe ya sani sarai a littattafan soyayya da finafinan Kano, kuma yana cikin abin da ya ja shi ga finafinan Indiya tun zamanin gidajen silima. A ganina wannan fahimta ta tsaya a bakin ƙofa. Iyaye sun ƙi, gaskiya ne, amma ba su ne suka kashe maganar ba. Paro ce ta taka da ƙafarta cikin tsakar dare ta same shi a ɗakinsa, ta sa mutuncinta a hannunsa. Shi kuwa ya gudu Kalkata, ya aiko mata da takarda yana janye jiki. Da ya dawo cikin nadama ta ƙi sauraronsa, sai ya buge ta a goshi da sandar kamun kifi, ya bar mata tabo. Ke nan tauraron ba wanda aka zalunta ba ne kawai. Rago ne mai girman kai, wanda ya rasa abin da yake so saboda ya kasa tsayawa a kansa. Irin wannan hasara, wadda mutum ya jawo wa kansa, ta fi ta ƙaddara ciwo, kuma ina jin ita ce ke riƙe da masu karatu da masu kallo.

Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kowane fim da shi shi ne: yaya ya yi da laifin tauraron? An fara da fim marar magana a 1928. P. C. Barua ya yi na Bangali a 1935, sa'an nan na Hindi wanda mawaƙi K. L. Saigal ya fito a ciki. Wanda ya ɗauki hoton wannan na Hindi, Bimal Roy, shi ne ya dawo a 1955 ya shirya nasa da Dilip Kumar da Suchitra Sen da Vyjayanthimala. Wannan ne na fi fifitawa. Roy bai yi wa Devdas ado ba: magana kaɗan, murya ƙasa-ƙasa, ɗaki mai duhu, doguwar tafiyar jirgin ƙasa wadda ba ta da inda ta nufa. Mai kallo yana tausayinsa, yana kuma jin haushinsa. Matan biyu kuwa sau ɗaya suka gitta juna a hanya, aka kalli juna ba a ce uffan ba.

Na Sanjay Leela Bhansali (2002), wanda yawancin matasanmu suka sani saboda Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, ya bi wata hanya dabam. An mai da ƙauye fāda, an ce daga Landan Devdas ya dawo, an ƙaro maƙiya a cikin gida waɗanda za a ɗora wa laifi. Sandar kamun kifi ta zama sarƙar wuya, har dukan ya koma kamar wata alamar ƙauna. An kuma haɗa Paro da Chandramukhi suna rawa tare, abin da babu shi a littafin. Ba a musun kyan fim ɗin, har an nuna shi a bikin finafinai na Cannes a shekarar. Sai dai ado ya yi yawa har ya rufe ragwancin da labarin ya dogara a kansa.

Anurag Kashyap, a Dev.D (2009), ya kai labarin Panjab da Delhi na zamani, ya tsiraita son kan tauraron ba tare da sassauci ba, sa'an nan ya ƙi kashe shi: ya bar shi da rai tare da Chanda, wadda ta tsaya a matsayin Chandramukhi. Paro ta wannan fim ba ta gudu zuwa ƙofa tana kuka ba. Ta zo ɗakinsa, ta wanke masa tufafi, ta faɗa masa matsayinsa, ta koma gidan mijinta.