Ina Dajinmu a Finafinan Hausa?

Mai karatu, in ka taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, ka san kyan da Allah Ya yi wa ƙasar nan. Dawa ta sunkuyar da kai, an karye masara, auduga ta fashe fari fat, ga ɗorawa da kaɗanya tsaitsaye a tsakiyar gonaki. Amma da ka koma gida ka kunna fim ɗin Hausa, sai ka tsinci kanka a falon wani Alhaji, an jera kujeru da labule, ana rigimar kishiya. Tambayata ita ce: ina dajin ya shiga?

Ba wai ba a zuwa daji lokeshin ba ne. Ana zuwa. Sai dai tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, yawanci aiki uku ake ba daji. Ko dai wurin da saurayi da budurwa za su zagaya bishiya suna rawa da waƙa, ko fadar boka mai jan ƙyalle, ko maɓoyar 'yan fashi. Shi kuwa baƙauye, finafinan camama sun maida shi abin dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne ba ja, ya kuma nishaɗantar da mu. Amma waɗanda suka kwaikwaye shi sun ɗauki wautar sun bar hikimar, har yaro ya tashi yana ganin noma da ƙauyanci duk abu ɗaya ne.

Abin haushin shi ne ba haka aka faro ba. A shekarun 1950 motar majigi kan shiga ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a fili da daddare, a nuna Baban Larai, fim ɗin da aka shirya don jan hankalin manoma ga noman zamani. Farfagandar gwamnati ce, gaskiya ne, amma manomi ya ga kansa a majigi da mutuncinsa. Haka Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, inda doguwar tafiya da rairayin hamada suka zama ƙashin bayan labarin. Sai Ƙasarmu Ce na Saddik Balewa a 1991, wanda ya ɗora labarinsa kacokan kan ƙauyawa da masu son ƙwace musu ƙasa. A waɗannan finafinai, in ka cire filin Allah, labarin ya rushe. A namu na yanzu kuwa, ka cire bishiyar ka sa fulawar roba, babu abin da zai ragu.

Furodusoshi za su ce tsada, za su kuma ce tsaro. Ban ƙaryata su ba. Wanda ya tuna sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020 ba zai ce wa darakta ya kwashi 'yan wasa ya nausa daji ba. To amma wannan dalilin ne ma ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga dajin Kogo na Jihar Katsina ya zama gandun daji na ƙasa, alhali yaran yankin da yawa ba su san daji da komai ba sai labarin bindiga. Dattawan da suka san sunan kowace bishiya da amfaninta, suka yi farauta da su da kiwo, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In ba a ɗauke su yanzu ba, sai yaushe?

Shawarata ba ta buƙatar miliyoyi. Kano na da bikin finafinai na KILAF tun 2018. Me zai hana Funtuwa da Malumfashi su yi nasu daidai ƙarfinsu, sau ɗaya a shekara bayan an kai amfani gida? A kira matasa masu waya mai kyamara da masu ɗaukar hoton biki, kowa ya kawo fim na minti biyar ko hoto uku. Wani ya bi masunta a madatsar ruwa ta Mairuwa, wani ya ɗauko masu tumatir a fadamun Danja, wata ta bi mata masu tsintar auduga, wani ya kwana a rugar Fulani. A rataye hotunan a makarantar firamare, a kafa majigi a fili, manoman da aka ɗauka su zauna sahun gaba su yi alƙalanci. Su ne za su faɗa maka in an riƙe fartanya a karkace.

Marubutan littattafai ma ba su tsira ba. Jarumarku kullum daga Dubai take dawowa, ko sau ɗaya ba ta taɓa kai wa babanta abinci gona ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ba mu nuna ƙasarmu da idonmu ba, hoton da zai rage mata a duniya shi ne na labaran hari.