Kunnen Mai Jitar Bas da Maɓallan Amfilifayarsa

Idan ka isa zauren kiɗa da wuri, kafin jama'a su cika kujeru, za ka tarar da mai jitar bas a durƙushe gaban amfilifayarsa, injin da ke ƙara wa jitar ƙarfin sauti. Yakan kaɗa tsirkiya ɗaya, ya saurara, ya murɗa wani maɓalli kaɗan kamar mai laluben tashar rediyo, ya sake kaɗawa. Maɓallan ba su cika wuce biyar ko shida ba, amma kowanne da muryarsa.

Daga hagu ake farawa, inda ramin cusa waya yake. Wata jitar tana ɗauke da batir a cikinta, sautinta kan fito da ƙarfi, shi ya sa ake tanadar mata rami na biyu ko wani ɗan madanni da ke rage ƙarfin tun daga ƙofa.

Sai maɓallin da makaɗa ke kira gen, mai ƙayyade yawan sautin da zai shiga cikin injin. Gwani yakan kaɗa tsirkiya da iyakar ƙarfin da zai yi amfani da shi a daren, yana murɗa gen a hankali har wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa, alamar sauti ya soma tsagewa. Nan sai ya dawo baya kaɗan. Can a ƙarshen dama kuma akwai masta, wanda ke sakin ƙara zuwa sifika. Ɗaya na shiga, ɗaya na fita. Mai gaggawa yakan ɗauka duk na ƙara ne, ya kai su ƙarshe, sannan ya ce injin ne ba shi da kyau.

Tsakanin gen da masta ne aikin ya fi daɗi a gani. Akwai bas mai kula da kaurin sauti, akwai tirebul mai kula da kaifinsa, ga kuma mid a tsakiya. Wanda ya san aiki yakan daidaita su duka a tsakiya, kamar hannun agogo a ƙarfe sha biyu, ya ji ainihin muryar jitarsa tukuna. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana karkarwa kimanin sau 41 a daƙiƙa guda, sautin da ƙirji ke ji kusan kafin kunne. Ƙara bas yana da daɗi, amma yana cin ƙarfin injin, kuma idan sifika tana jingine a kusurwar ɗaki, bango kan ninka shi har kiɗan ya dagule. A irin wannan ɗakin, ragewa ake yi.

Ni dai mid ne ya fi burge ni. A nan kunne ke gane wace murya aka kaɗa. Sabon shiga yakan kashe shi, ya ɗaga bas da tirebul, domin yana da zaƙi idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki. Da zarar ganguna da sauran jitoci sun shigo, sai a neme shi a rasa: ƙasa tana girgiza, amma babu mai jin abin da yake kaɗawa. Kamfanin Ampeg ya gane haka. Amfilifayarsa SVT mai wat 300, wadda ta fito a 1969, tana da madannin da ke bai wa makaɗi damar zaɓar inda mid zai taɓa: sautin da ke karkarwa sau 220, ko 800, ko 3,000 a daƙiƙa. Na farko yana ƙara nama, na biyu yana fito da gurnani, na uku yana bayyana bugun yatsa.

Tirebul kuwa ya danganta da salo. Larry Graham, wanda ya shahara da marin tsirkiya da babban yatsa, salonsa na buƙatar kaifi. Aston Barrett, da ya kaɗa wa Bob Marley, sautinsa mai kauri ne da taushi, ba a jin kukan ƙarfe a ciki.

Bayan ya gama, gwanin yakan ja doguwar waya ya taka zuwa tsakiyar zauren yana kaɗawa, domin abin da ake ji a kan dandamali daban yake da na kujerar baya. Idan mutane suka cika, jikinsu da tufafinsu kan shanye wani ɓangare na kaifin. Tsakanin waƙa ta farko da ta biyu za ka ga ya miƙa hannu baya, ko waiwaye bai yi ba, ya ɗan taɓa tirebul.