Zane, Allura da Kyamara: Nazarin Hoton Zuri'a a Afirka ta Yamma

A fasahar hoto ta Afirka ta Yamma, tufafi ba ado ba ne kawai. Sau da yawa zanen da ke jikin mutum ya fi fuskarsa bayyana gidan da ya fito.

Seydou Keïta ne ya share wannan hanya. Ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, kuma labulen da ya fara ratayawa a bayan masu zuwa hoto zanen gadonsa ne. A hotunansa za ka ga mace ta kishingiɗa, adon rigarta ya saje da na labule har ido ya kasa raba su, sai fuska da hannaye suka fito fili. Don iyali aka ɗauki hotunan, a ajiye a ɗaki ko a aika wa dangi. Sai a shekarun 1990 gidajen baje kolin Turai suka faɗaɗa su suka kafa a bango.

Joana Choumali, wadda aka haifa a Abidjan a 1974, ta ɗora daga nan. A jerin hotunanta mai suna Resilients, matan birni 'yan boko ne suka sa kayan iyayensu mata da kakanninsu suka tsaya gaban kyamara. Rigar aro ce, amma ta gida, kuma a tsayuwar kowacce ana ganin nauyin abin da ta ɗauka.

Aikinta da ya fi ratsa zuciya ya biyo bayan harin da aka kai garin Grand-Bassam ranar 13 ga Maris 2016. Makonni kaɗan bayan harin ta zaga garin tana ɗaukar hoto da wayar salula: mutum shi kaɗai a bakin hanya, wani ya yi tagumi. Ta buga hotunan a kan yadi, ta zauna ita kaɗai tana bin su da zare mai launi, ɗinki bayan ɗinki. Kyamara kan gama aikinta cikin ƙiftawar ido, allura kuwa ba ta san gaggawa ba, kuma a wannan jinkirin ne mai baƙin ciki ke samun sauƙi. Aikin, mai suna Ça va aller, ya ci kyautar Prix Pictet a 2019.

Sai dai salon sa zane a hoto yana da tarko. Kasuwar waje tana son launi, don haka mai hoto kan iya shimfiɗa atamfa a baya ya ce ya raya al'ada, alhali bai san wanda ya saƙa ko ya rina ba. Hoton da zai daɗe shi ne wanda zanen cikinsa yake da mai shi, da labarin yadda ya shigo gidan.

Masu ɗaukar hoto na ƙasar Hausa ba su rasa kayan aiki ba: ga saƙi, ga rinin Ƙofar Mata, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ku buɗe adakar kaka tun tana raye, ku tambaye ta tarihin kowane zane kafin ku ɗauki hoton.