Wasan Neman Ajiya da Ziyarar Iyali daga Ƙasar Gobir zuwa Sakkwato

A Turai da Amurka iyalai sun saba ware Asabar da Lahadi domin zuwa wani birni su ga wurarensa na tarihi, kuma tun daga shekarar 2000 wasu daga cikinsu suka haɗa wannan tafiya da wani wasa da za a iya kira neman ajiya, wato mutum ya ɓoye ɗan gwangwani a wani wuri, ya sanya lambobin da ke nuna matsayin wurin a taswirar duniya a intanet, wasu kuma su bi lambobin da wayar hannu har su gano abin da aka ajiye. A cikin gwangwanin akwai takardar da duk wanda ya same shi zai rubuta sunansa da kwanan wata, wani lokaci har da ƙananan kayan wasan yara, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya ɗauki abu ya bar wani mai darajarsa.

Wasan ya samo asali ne daga wani mataki na gwamnatin Amurka, wadda a ranar 2 ga Mayu, 2000 ta daina dagula saƙon taurarinta na GPS da gangan, lamarin da ya rage kuskuren na'urar farar hula daga kusan mita 100 zuwa kusan mita 10. Washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin da ke kusa da Beavercreek a jihar Oregon domin ya gwada ingancin sabon saƙon, kuma a watan Satumba na shekarar aka buɗe shafin Geocaching.com, wanda a yau yake ɗauke da ajiyoyi fiye da miliyan 3 a faɗin duniya. Dokokin shafin sun hana haƙa rami, sun wajabta neman izinin mai wuri, sun kuma buƙaci tazarar mita 161 tsakanin ajiya da ajiya.

Amfanin wasan ga iyali a bayyane yake, domin yaron da aka kai gaban tsohon gini aka ce masa ya tsaya ya saurari bayani yakan gaji nan da nan, amma idan aka ba shi abin da zai nemo da kansa, shi ne zai riƙa jan iyayensa gaba. Magidancin Burkusuma ko na Isa ba baƙo ba ne ga tafiya da iyali, tun da suna da biki da ta'aziyya da jinyar ɗan'uwa sun sha kai shi Sakkwato, sai dai a irin waɗannan tafiye-tafiye yara kan wuni a tsakar gidan da aka sauka, su koma gida ba su taka Hubbaren Shehu ba, alhali tazararsa da masaukinsu ba ta wuce kuɗin keke Napep ba. Wannan asara ce ta gaske, kuma wasan zai iya magance ta, matuƙar an raba shi da gwangwaninsa.

Dalilin raba shi da gwangwani yana da nauyi a wannan yanki fiye da ko'ina. Bahaushe ya daɗe da sanin cewa abin da aka cusa a ramin katanga ko aka tura gindin tsamiya a ɓoye, musamman idan da rubutacciyar takarda a ciki, asiri ne aka yi wa wani, kuma babu bayanin da zai gamsar da mai gidan da ya ga baƙo yana lalube a jikin ginin zaurensa. Ga kuma halin da Sabon Birni da Isa suka shiga sakamakon hare-haren 'yan bindiga, wanda ya kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, ya kuma kai ga kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agustan 2024. A ƙasar da kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga bayani, ta isa ta jawo wa mutum halaka, wanda aka gani yana zagaye da waya yana ɗaukar lambobin wuri yana leƙa lunguna ya jefa kansa da 'ya'yansa cikin haɗari, kuma jami'in tsaron da ya tsinci rufaffen gwangwani kusa da masallaci ko kasuwa yana da hujja idan ya ɗauke shi abin fashewa. Ko da an kauce wa duk wannan, 'yan jari-bola ba za su bar ƙarfe ko roba ta kwana a waje ba.

Masu wasan kansu sun tanadi nau'in da ba ya buƙatar ɓoye komai, inda lambobin ke kai mutum wuri, sannan ya amsa wata tambaya da ba a iya amsa ta sai an je an gani da ido, kuma kamfanin da ke tafiyar da shafin yana da manhajar da ya kira Adventure Lab domin irin wannan. Nau'in nan ya dace da birnin Sakkwato, ya kuma dace da yaron da ya tashi da kacici-kacici. Za a iya fara zango daga Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817, da 'yarsa Nana Asma'u, a wuce Masallacin Shehu da Masallacin Bello da ƙofar fadar Sarkin Musulmi, a je Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu mai ɗauke da rubuce-rubucen hannu da kayan tarihi, a ƙare a Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta fuskanci Turawa a ranar 15 ga Maris, 1903. Abin da ya fi kyau shi ne a tsara tambayoyin ta yadda amsarsu tana bakin mutum, ta yadda dole yaro ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida mai kula da wurin, ya ce "Baba, muna da tambaya", domin ta haka wasan zai ƙara wa tarbiyya ƙarfi, kuma mutanen unguwa za su san abin da ya kawo baƙin.

Akwai wani al'amari da ya shafi Bagobiri musamman, wanda bai kamata a tsallake shi ba. Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, yana ba da labarin jihadi ne daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara, kuma a cikin wannan labari Gobir takan fito ne a matsayin abokiyar gaba kaɗai, Yunfa kuma a matsayin sarkinta da aka kashe lokacin da babban birninta Alƙalawa ya faɗi a 1808. Yaron da kufan Alƙalawa ke cikin ƙaramar hukumarsa yana da haƙƙin ya ji sauran labarin: cewa Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a ƙarni na 18 bayan ya ci Zamfara da yaƙi, cewa Bawa Jangwarzo ya girmama Shehu ya amince masa da yin wa'azi a ƙasarsa, cewa sarautar ba ta mutu da faɗuwar birnin ba, domin bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni bisa sulhu da Sakkwato. Faɗin wannan ba ya rage darajar Shehu ko kaɗan, hasali ma yaron da ya san girman daular da Shehu ya yi wa'azi a cikinta ya fi fahimtar nauyin aikin da ya ɗauka. Saboda haka wajibi ne malaman tarihi 'yan asalin Gobir, na makarantun sakandare da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su kasance cikin masu rubuta tambayoyin, kada a bar aikin ga wanda ya san ɓangare ɗaya.

Ba za a ɓoye cewa tafiyar tana da wuya ba. Hanyar da ta taso daga Sabon Birni ta bi ta Gwaranyo da gefen Wurno, inda kabarin Bello yake, hanya ce da matafiya ke bi da addu'a, kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, don haka ba a ce wa kowa ya yi tattaki domin wasa kaɗai ba. Shawarar ta tsaya ne ga iyalin da wata lalura ta riga ta kai birni, ko waɗanda gudun hijira ya zaunar a can, su ware wuni guda. Rashin intanet ba cikas ba ne, domin waya tana karɓar saƙon taurarin kai tsaye ba tare da layin sadarwa ba, muddin tana samun aƙalla huɗu daga cikinsu kuma an sauke taswira tun farko, abin da mutanen da aka katse wa layukan waya a 2021 za su ga muhimmancinsa. Iyalin da ba su da babbar waya za su iya yin wasan da takarda ɗaya mai ɗauke da kwatance da tambayoyi, wadda malamin makaranta zai iya bugawa ya raba.

Alƙalawa da Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka yi asarar mahaddata masu yawa a ƙarshen 1804, su ne wuraren da suka fi cancantar shiga wannan tsari, amma bai dace a wallafa lambobinsu ko na wani ƙauye na yankin domin jawo baƙi ba a halin da ake ciki. Abin da za a iya yi yanzu shi ne malamai su zauna da dattawan Sabon Birni da Isa da maroƙan fada, su rubuta sunayen ƙofofi da maƙabartu da tafkuna tare da labarinsu, su ajiye kwafi a Cibiyar Waziri Junaidu, sannan a saka tambayoyin Gobir a cikin zangon Sakkwato tun daga bugun farko.